Wake Ɗaya Shi Ke Ɓata Gari: Masu Masaukin Intanet Da Baƙin Littafi

 

Yau za mu yi magana a kan wasiƙar da ke bin intanet, wadda a ke kira imel. Wataƙila ka ce: "Ni manomi ne, ina ruwana da imel?" To, da ruwanka. Ƙungiyar manoman garinku da imel ta ke neman mai sayen riɗi ko wake. Ɗanka da ya gama lakwal da imel ya ke aika takardun neman aiki. Ma'aikata, daga Sassumburum har Malawa, da imel su ke aika rahoto Damagaram da Yamai. Ko ba ka taɓa rubuta shi da hannunka ba, akwai al'amuranka da ke tafiya cikinsa.

Wani lokaci a kan aika wasiƙar, ta tafi, ba ta isa ba. Mai ita bai zagi kowa ba, bai cuci kowa ba. Maƙwabcinsa ne ya yi ɓarna, aka rufe wa gidan duka ƙofa. Yaya haka ke faruwa? Shi ne za mu bi daki-daki. Karanta sannu a hankali. Inda ka ga sabuwar kalma, tsaya ka maimaita ta.

1. MAI MASAUKI

Ka san fatoma. In ka taɓa kora dabbobi zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis, ko ka ga baƙi sun sauka kasuwar Magarya, ka ga aikinsa. Baƙo ya zo daga nesa, ba wanda ya san shi. Fatoma ya ba shi ɗaki, ya ba shi ruwa, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali. Mai saye bai san baƙon ba, amma ya san gidan da ya sauka. Da sunan gidan a ke ciniki. In saniyar da aka sayar ta sata ce, ƙofar fatoma a ke fara bugawa.

Intanet ma yana da irin waɗannan masu masauki. Kamfanoni ne masu manyan kwamfutoci. Kwamfutocin nan ba a kashe su. Dare da rana suna aiki, cikin ɗakuna masu sanyi. Wanda ke son shafin intanet, ko akwatin imel mai sunan ƙungiyarsa, sai ya kama haya wurinsu. Ya biya kuɗin wata ko na shekara. Su kuma su ajiye masa shafinsa, su karɓi wasiƙun da aka aiko masa, su miƙa waɗanda ya rubuta.

Yawancin kamfanonin nan nesa su ke: Faransa, Jamus, Amurka. Mai haya yana Dungas, ɗakin hayarsa yana Faransa, bai taɓa ganinsa da ido ba. Bai kuma san waɗanda ke haya tare da shi ba. Kwamfuta guda tana iya ɗaukar ƴan haya 100, ko ma fiye. Shi ya sa hayar ke da araha. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

2. LAMBAR GIDA

A intanet, kowace kwamfuta da ke magana da ƴan'uwanta tana da lamba. Ana kiranta lambar IP. Mu ce mata lambar gida. Kashi 4 ce, tsakaninsu da ɗigo, kamar haka: 192.0.2.15. Kowane kashi daga 0 ya ke zuwa 255, ba ya wucewa.

In aka yi lissafi, lambobin duka ba su wuce miliyar 4 da miliyan 300 ba. Mutanen duniya kuwa sun kai miliyar 8 tun 2022, ga wayoyi, ga kwamfutoci. Ka ga lamba ta yi kaɗan. A Afirka, wata hukuma mai suna AFRINIC, da ke tsibirin Moris, ita aka ba rabon lambobin tun 2005, kuma abin da ya rage a rumbunta kaɗan ne. An ƙirƙiro sabuwar lamba mai tsawo wadda za ta ishi kowa, amma wajen aika imel tsohuwar ce ta fi aiki har yanzu.

Da lamba ta yi kaɗan, sai aka koma tarayya. Ƴan hayar kwamfuta guda duk da lamba ɗaya su ke aika wasiƙa. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, amma ƙofarsa ɗaya. Kamfanonin wayar salula ma haka su ke yi: wayoyi masu yawa su kan fita intanet da lamba guda. Kai da wani a Waca da wani a Guci kuna iya zama ƙarƙashin lamba ɗaya yau, gobe a canza muku.

Wanda ke karɓar wasiƙa can nesa ba ya ganin fuskarka. Sunan da aka rubuta a kan wasiƙa ana iya yin na ƙarya. Lambar kwamfutar da ta miƙo wasiƙar kuwa da wuya a ɓoye ta. Saboda haka da lambar gida a ke shari'a.

3. WASIƘUN BANZA

Wasiƙar banza ita ce wadda aka aika wa mutane jingim, ba su nema ba, ba su yarda ba. Turawa suna ce mata sifam. Asalin kalmar sunan wani nama ne na gwangwani da aka fara sayarwa a Amurka a 1937. A 1970 wasu ƴan wasan barkwanci na Ingila suka yi wasa, inda a ke ta nanata sunan naman har ba a jin maganar kowa. Daga baya sai sunan ya bi wasiƙun da ke cika kunne.

Ta farko da aka sani an aika ta ran 3 ga Mayu 1978. Wani ɗan tallan kwamfuta a Amurka, Gary Thuerk, ya aika wa mutum wajen 400 talla a lokaci guda. Mutane suka yi fushi ƙwarai. Amma hanya ta riga ta buɗe.

Wasiƙun banza iri 4 ne:

Na ɗaya, talla: magani, kaya, caca.

Na biyu, zamba: "Ka ci kyauta, aiko kuɗin fito da ita." Ko: "Ina da dukiya a banki, taimake ni mu raba." A Nijeriya ana ce wa wannan 419, domin sashe na 419 na dokar laifuffukan ƙasar shi ke magana a kan zamba.

Na uku, tarko: wasiƙa mai kama da ta banki ko ta kamfanin waya, tana neman lambarka ta asiri.

Na huɗu, cuta: ka taɓa abin da aka liƙa cikin wasiƙar, wata muguwar manhaja ta shiga na'urarka.

Me ya sa masu wannan aiki ba sa gajiya? Domin ba su sayen ambulan, ba su sayen kan sarki. Mu yi lissafi. A ce mutum ya aika wasiƙa 1,000,000. Mutum 10 kaɗai suka yarda, kowa ya aika masa jika 50. Ya tashi da jika 500, watau sefa 500,000. Sauran mutum 999,990 sun yi watsi da ita, shi bai yi hasarar komai ba. A wajen 2009, cikin imel 10 da ke yawo a duniya, fiye da 8 na banza ne. A ƴan shekarun nan abin ya sauka zuwa kusan rabi.

4. BAƘIN LITTAFI

Da ɓarna ta yi yawa, sai masu aikin intanet suka nemi magani. A 1997 wani Ba'amurke, Paul Vixie, ya fara rubuta lambobin gidajen da ke fitar da wasiƙun banza, yana ba duk mai so ya duba. A 1998 Steve Linford ya kafa Spamhaus a Landan, wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan masu wannan aiki. Jerin lambobin nan shi a ke ce wa baƙin littafi. Ba littafin takarda ba ne, cikin kwamfuta ya ke, kuma a kowane lokaci ana ƙarawa ana gogewa.

Ga yadda a ke aiki da shi. Wasiƙa ta iso ƙofar wata kwamfuta. Kafin ta buɗe, sai ta dubi lambar gidan da wasiƙar ta fito, ta tambayi littafi: "Wannan lamba tana ciki?" Amsa ta kan zo kafin ka ƙifta ido. In ba ta ciki, wasiƙa ta wuce gaba. In tana ciki, ko a mai da ita inda ta fito, ko a jefa ta akwatin shara inda ba safai a ke dubawa ba.

Ta yaya lamba ke shiga littafi? Hanyoyi 3 ne manya.

Ta farko, tarkon masu littafi. Suna da akwatunan imel waɗanda ba na kowa ba ne. Ba mutumin kirki da zai rubuta musu, tun da ba wanda ya san su. Mai wasiƙun banza kuwa tsintar adireshi ya ke yi barkatai, har ya haɗa da na tarko. Da wasiƙarsa ta faɗa ciki, ya tona kansa.

Ta biyu, ƙarar jama'a. Cikin akwatin imel akwai wurin da mutum zai taɓa ya ce wannan wasiƙa ta banza ce. In masu ƙara suka yi yawa, sunan gida ya ɓaci.

Ta uku, yawa na ba-zata. Gidan da ya saba fitar da wasiƙa 200 a yini, yau ya fitar da 200,000. Dole a yi shakka.

Manyan kamfanoni kamar Google da Microsoft suna da nasu ma'aunin ban da wannan. Tun Fabrairu 2024, Google ya sa wa masu aika wasiƙa da yawa, kamar 5,000 a yini, sharaɗi: masu ƙara kada su kai mutum 3 cikin 1,000, kuma a ba kowa hanya mai sauƙi ta cewa a daina aiko masa.

5. YADDA LAIFIN ƊAYA KE SHAFAR GIDA

Yanzu mu haɗa abubuwan nan 4 wuri guda.

A ce wata ƙungiyar mata a Dungas tana tara riɗi. Sun kama hayar akwatin imel wurin wani mai masauki. A cikin kwamfutar da aka saukar da su akwai ƴan haya 300. Ran Lahadi da dare ɗaya daga cikin ƴan hayar, can wata ƙasa, ya saki wasiƙun zamba dubu-dubu. Wasu suka faɗa tarko. Kafin gari ya waye, lambar gidan ta shiga baƙin littafi.

Ran Litinin magatakardar ƙungiya ta rubuta wa wani ɗan kasuwa: "Muna da riɗi buhu 80, ga farashi." Kwamfutar ɗan kasuwa ta dubi lamba, ta tambayi littafi, ta ƙi karɓa. Ɗan kasuwa ya jira kwana 3, bai ga komai ba, ya saya wurin wasu. Matan suna cewa ya raina su. Shi yana cewa ba su da alkawari. Alhali ba wanda ya yi ƙarya cikinsu. Mutum 299 sun sha horon mutum 1. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Abin bai tsaya nan ba. Masu littafi su kan sanar da mai masauki cewa ga abin da ke fitowa daga gidansa. In ya kori mai ɓarna, magana ta ƙare. In ya yi kunnen ƙashi domin kwaɗayin kuɗin haya, ko ya sauya wa mai ɓarna wata lamba ya ci gaba, sai a faɗaɗa hukunci. Daga lamba 1 a koma lambobin da ke kusa da ita. Daga nan a iya rubuta lambobin kamfanin gaba ɗaya. A nan ƴan hayar kirki su kan kwashe kayansu su tafi, gida ya mutu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tambayi tsofaffi labarin zamanin gyaɗa. An kafa hukumar UNCC a 1962, tana ba manoma bashin iri. Daga baya aka koma lamunin juna: gari duka shi ke tsaya wa bashin. In wasu suka ƙi biya, daga rarar kuɗin gyaɗa da za a raba wa garin a ke cirewa. Wanda ya biya da wanda bai biya ba duk su ji a jikinsu. Shi ya sa kowa ke sa ido a kan maƙwabcinsa.

Ga kuma labarin wake. A watan Yuni 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin an sha samun maganin ƙwari a cikinsa fiye da ƙima, irin wanda ke cikin fiya-fiya. Ba duk ƴan kasuwa ke zuba shi ba. Amma mai saye ba zai iya sanin buhun kowa ba, sunan ƙasa ya ke gani. Aka yi ta sabunta hanin shekara da shekaru. Baƙin littafin intanet haka ya ke aiki.

6. ABIN DA YA FARU A WASU WURARE

A Kalifoniya ta Amurka an yi wani mai masauki, McColo, wanda ya tara masu wasiƙun banza a gidansa. Wani ɗan jarida, Brian Krebs, ya tattara shaida ya kai wa kamfanoni 2 da ke haɗa gidan da intanet. A watan Nuwamba 2008 suka yanke masa hanya. Nan take wasiƙun banza na duniya suka ragu da wajen kashi 2 cikin 3. Dubi ɓarnar gida guda! Amma bayan ƴan watanni masu ɓarna suka sami wasu gidaje, abin ya sake hawa.

A Holan an yi wani, CyberBunker, mai alfahari da cewa ba ya tambayar baƙo abin da ya kawo shi. Spamhaus ta sa shi cikin littafi. A watan Maris 2013 aka kai wa Spamhaus babban farmaki ta intanet domin a rufe ta, amma ba ta rufu ba. A Satumba 2019 ƴan sandan Jamus suka shiga gidan da CyberBunker ya koma a ƙasarsu, suka rufe shi. A Disamba 2021 kotu ta ɗaure masu shi.

Mu dawo kusa da gida. Daga ƙarshen shekarun 1990, wasiƙun 419 sun bar ambulan sun koma imel. Da yawa daga shagunan hayar kwamfuta a ke aika su. Masu yi kaɗan ne cikin jama'a, amma sunan ƙasa ya ɓaci. Wasu kamfanonin waje suka riƙa rufe ƙofa ga duk lambar da ta fito daga Nijeriya. Kamfanin biyan kuɗi na PayPal sai a 2014 ya buɗe wa mutanen ƙasar hanya. Gwamnatin Nijeriya ta kafa hukumar EFCC a 2003, sa'an nan a 2015 ta yi dokar laifuffukan intanet, wadda ta ambaci wasiƙun banza cikin laifuffuka, ta kuma ce a yi wa shagunan hayar kwamfuta rajista. Wannan ya shafe ka kai ma. Mutanen bakin iyaka, daga Tinkim zuwa Dogo-Dogo, da yawa suna riƙe da layin waya na Nijeriya. Duk sa'ad da ka hau intanet da shi, da lambar can a ke ganinka.

A Nijar, an yi dokar yaƙi da laifuffukan intanet ran 3 ga Yuli 2019, an kuma yi mata gyara a 2022 da 2024. Ta tanadi horo ga mai zamba ta hanyar na'ura, da mai shiga na'urar wani ba da izini ba.

7. SHIN ADALCI NE?

Tambaya ce mai kyau, kuma an daɗe ana gardama a kanta.

Wasu sun ce zalunci ne. Mai littafi ba alƙali ba ne, ba gwamnati ba ce, ba wanda ya naɗa shi. Don me zai hori marar laifi? Kuma wani lokaci a kan yi kuskure, a rubuta gidan da bai yi komai ba.

Masu littafi sun ce: "Mu ba mu tare wasiƙar kowa. Ra'ayinmu mu ke rubutawa. Mai gida shi ke zaɓen wanda zai buɗe wa ƙofa." Sun ƙara da cewa in ba a taɓa aljihun mai masauki ba, ba zai kori baƙon da ke biyansa ba.

Har kotu an je. A 2006 wani kamfanin talla na Amurka, e360, ya kai Spamhaus ƙara, kotu ta ce a biya shi dalar Amurka miliyan 11 da dubu 700. Aka ɗaukaka ƙara. A 2011 kotun sama ta mai da kuɗin dalar Amurka 3 kacal.

Kai ma ka auna. Ba littafi, akwatin kowa zai cika da shara har a rasa wasiƙar kirki. Da littafi, wani marar laifi zai sha wuya na ƴan kwanaki. Har yanzu ba a sami hanyar da ba ta da ƙaya ba.

8. AIKIN MAI MASAUKI

Fatoma na kirki ba ya saukar da wanda bai san asalinsa ba. Mai masaukin intanet na kirki ma yana da ƙa'idodi:

Ya san wanda ya ba haya.

Ya rubuta cikin yarjejeniya cewa mai wasiƙun banza za a kore shi.

Ya ƙayyade yawan wasiƙun da ɗan haya zai aika cikin awa guda.

Ya ajiye ma'aikaci mai karanta ƙararraki, ya kuma amsa da wuri.

Ya raba masu aika wasiƙa da yawa da sauran ƴan haya, kowa da lambarsa.

In duk da haka lambarsa ta shiga littafi, akwai hanyar fita. Da fari ya gano inda ɓarnar ke fitowa. Sa'an nan ya toshe ta. Daga baya ya rubuta wa masu littafi ya gaya musu abin da ya gyara. Wasu littattafai su kan goge lamba da kansu in an yi kwana 1 ko ƴan kwanaki ba sabuwar ɓarna. Spamhaus ba ta karɓar kuɗi don goge lamba. Wanda ya nemi a goge shi bai gyara ba, gobe zai koma ciki, kuma fita ta biyu ta fi wuya.

9. AIKINKA

Ka sani, ba kullum mai ɓarna ke sanin yana ɓarna ba. Sau da yawa ɓarawo ne ke sace mabuɗin akwatin wani, watau kalmarsa ta asiri, ya riƙa aika zamba da sunansa. Ko cuta ta shiga kwamfutar ofis, tana aiki da dare mai ita yana barci. Ashe kai ma kana iya zama waken da ya ɓata gari. Rigakafi ya fi magani. Ga abubuwa 8 da za ka kiyaye:

1. Kalmarka ta asiri ta zama doguwa. Kada ta zama sunanka, ko shekarar haihuwarka, ko 1234. Kada ka gaya wa kowa, ko mai cajin waya, ko mai sa maka waƙoƙi.

2. In ka buɗe akwatinka a wayar wani ko a shago, rufe shi kafin ka tashi.

3. Wasiƙar da ta ce ka ci kyautar gasar da ba ka shiga ba, share ta. Kada ka amsa, domin amsa ita ke nuna musu akwatin yana da mai shi.

4. In ƙungiyarku za ta aika sanarwa ga mutane da yawa, ta aika wa waɗanda suka yarda kaɗai. Kada ku sayi jerin adireshi wurin kowa, sau da yawa akwai tarko ciki.

5. Kafin ku kama haya, ku tambayi mai masauki: "Me ka ke yi wa mai wasiƙun banza? In lambarmu ta shiga littafi, wa za mu kira?" Wanda ya kasa amsawa, ku nemi wani. Araha ba ta ado.

6. In wasiƙa ta dawo, kada ka share takardar da ta dawo da ita. Nemi mai jin Faransanci ko Turanci ya karanta. In ka ga lamba 550 ko 554 tare da sunan wani littafi, kai wa mai masauki, gyaran nasa ne.

7. Wasiƙar ciniki ko ta neman aiki, bi ta da kiran waya: "Ta iso?" Kuɗin kira ɗaya bai kai hasarar buhu 80 ba.

8. Kada ka sayi layin waya da sunanka ka ba wanda ba ka sani ba. A ƙarshen 2013 an rufe layuka fiye da miliyan 1 a Nijar domin ba a rubuta sunan masu su ba. Tun da layi ke ɗauke da suna, in aka yi zamba da shi, kai ne fatoma.

WhatsApp ma yana da nasa horo. Tun Janairu 2019 ba ya barin a tura saƙo guda zuwa wurare fiye da 5 a lokaci ɗaya. Lambar da ke watsa saƙo ga mutanen da ba su san ta ba, in ƙara ta yi yawa, a kan rufe ta. Saƙon da ya ce "tura wa mutum 20 ka sami kuɗin waya kyauta" ƙarya ne. Ya tsaya a hannunka.

MU MAIMAITA

Mai masauki: kamfanin da ke ba da hayar wuri a intanet.

Lambar gida: lambar da a ke gane kwamfuta da ita.

Wasiƙar banza: wadda aka aika wa jama'a ba su nema ba.

Baƙin littafi: jerin lambobin da a ke ƙin karɓar wasiƙunsu.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Me ya sa mutane da yawa ke tarayya a kan lamba ɗaya?

2. Kawo hanyoyi 3 da lamba ke shiga baƙin littafi.

3. A misalin matan Dungas, wa ke da laifi: mai zamba, mai masauki, ko mai littafi? Me matan za su yi don kada a sake?

4. A garinku an taɓa hana jama'a wani abu saboda laifin mutum ɗaya? Yaya aka warware?

Ka zauna da abokan karatunka ku yi shawara a kan tambayoyin nan. Wanda ya gane ya bayyana wa wanda bai gane ba. Ka kuma karanta wa magatakardan ƙungiyarku kashi na 9.

Sai mun sake saduwa. Allah ya kiyaye mana sunanmu. Wassalam.